Muzammil Ɗan Balan da Mawaƙan Gidan Rumbu

Haihuwa da asali

An haifi Muzammil Usaini, wanda masu sauraron waƙa suka fi sani da Ɗan Balan, a garin Balan da ke ƙaramar hukumar Gaya ta Jihar Kano, cikin watan Maris na shekarar 1982. Mahaifinsa, Malam Usaini Maiwada, manomin gyaɗa da dawa ne wanda ke gyaran keke idan an tashi daga aikin gona. Mahaifiyarsa kuwa, Malama Hure, tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tana kai su kasuwar Gaya da kanta. Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai da Allah ya azurta gidan da su. An tattaro wannan tarihi ne daga bakin iyalinsa da mawaƙan da suka yi aiki a ƙarƙashinsa, kuma inda ruwayoyinsu suka saɓa, wanda hakan ya faru sau da dama, an kawo kowace kamar yadda mai ita ya faɗe ta.

Karatu

Ya fara karatun allo a zauren kawunsa yana ɗan shekara biyar, sannan ya shiga makarantar firamare ta garinsu a 1988. A 1994 ya wuce sakandare a Gaya, ya kammala a shekarar 2000. A wannan zaman ne ya fara jin gambarar zamani, wadda matasa ke kira hip-hop, a kaset ɗin wani shagon aski da ke hanyar makarantarsu. Bai fahimci Turancin mawaƙan ba, amma saurin harshensu ya kama masa zuciya, har ya riƙa jera baitocin Hausa a kan wannan salo a bayan littattafan darasinsa. Malam Usaini bai taɓa amincewa da wannan sha'awa ba, sai dai bai hana shi da ƙarfi ba, domin yaron bai taɓa barin kunya ɗaya ta gona ba a nome ba saboda waƙa.

Zaman Kano

A 2002 ya tafi birnin Kano neman difloma a fannin aikin jarida, karatun da bai kammala ba. Ya kama aiki a shagon sayar da kaset da faifan sidi, yana zagaya situdiyoyin birni yana neman wanda zai saurare shi. A 2005 ya samu damar naɗar waƙarsa ta farko mai suna “Ranar Kasuwa”, inda ya siffanta matan ƙauye da ke tafiyar ƙafa da tallarsu a ka. Mai situdiyon ya ce ya bar masa ita a gyara sauti, ya dawo bayan mako biyu. Ya yi ta komawa ana ɗaga masa rana, har bayan wata uku, yana cikin motar haya a hanyar Wudil, direba ya kunna kaset, ya ji baitocinsa daga farko har ƙarshe a bakin wani mawaƙi da bai taɓa gani ba.

Da ya koma wurin mai situdiyon, mutumin ya dube shi ya ce, “Ina shaidarka?” Ba shi da ita, domin kwafi ɗaya ne tak, kuma shi ne wanda ya bari a can. Duk waɗanda suka zauna da shi daga baya sun haɗu a kan cewa wannan lamari ne ya sauya masa ɗabi'a. Tun daga lokacin ya ƙudurta abu biyu: ba zai ƙara barin waƙa ba tare da ya ɓoye kwafinta a wani wuri ba, kuma ba zai ƙara sakankancewa da kowa a kan aikinsa ba.

Kafa Gidan Rumbu

Malam Usaini ya rasu a damina ta 2008, Muzammil ya dawo gida domin ya tsaya a kan gonar gado tare da 'yan'uwansa. A farkon 2009 ya gyara wani ɗaki da ke jikin rumbun mahaifinsa, ya lulluɓe bangon da buhuna da kwalin ƙwai domin kashe amon sauti, ya kafa kwamfuta da makirufo da ƙaramin janareta. Daga nan kamfanin ya samo sunan Gidan Rumbu. A 2010 ya mayar da shi Gaya, cikin wani shago mai ɗaki biyu kusa da tashar mota, kuma a can ya fitar da kundinsa na farko, “Gabas da Birni”, wanda ya sa aka san sunansa daga Wudil har Dutse.

Ya gindaya dokoki uku tun ranar buɗewa. Ba a shiga ɗakin naɗa da waya, kwamfutar kamfani ba ta haɗuwa da intanet, mabuɗin ɗakin kuma yana rataye a wuyansa ko da yana gona. Mawaƙan farko sun ɗauki abin wasa ne, har sai da ya mayar da wani baƙo daga Kano saboda ya ƙi ajiye wayarsa a ƙofa.

Mawaƙan kamfanin

Wanda ya fara sa hannu shi ne Ashraf Kawu, mutumin Gaya, sa'an Muzammil, wanda ya koyi haɗa kiɗa a Kaduna. Ba mawaƙi ba ne da farko, amma kusan duk kiɗan da Gidan Rumbu ya fitar daga hannunsa ya fito, kuma shi ya shigo da amon kalangu da gurmi cikin kiɗan kamfanin. A 2011 Baffa Tsawa ya shigo, wani mai babbar murya da ke sana'ar acaɓa, wanda ya yi fice da waƙoƙin barkwanci a kan fasinjoji. A 2012 aka ɗauki Zulfa Bashir, malamar makarantar firamare, mace ta farko da ta yi waƙa a kamfanin, bayan mahaifinta ya sharɗanta cewa da rana za ta riƙa zuwa, tare da yayarta.

Na huɗu, wanda sunansa ya fi kowane ɗaurewa da tarihin kamfanin, shi ne Bubayero, Bafulatani daga wata ruga a ƙasar Ajingi. Muzammil ya gamu da shi a 2012 a kasuwar Ajingi yana wa abokansa waƙa a gefen kara, wato wurin cinikin dabbobi, yana gauraya Hausa da Fulatanci ba tare da harshensa ya sarƙe ba. A ranar ya ɗauko shi a bayan babur zuwa Gaya. Waƙarsa “Burtali”, wadda ta yi magana a kan hanyoyin shanu da gonaki suka cinye, ta shiga gidajen manoma da na makiyaya baki ɗaya a 2013. Bubayero yana kiran Muzammil da Yaya, kuma a wancan lokacin shi kaɗai ne aka taɓa damƙa wa mabuɗin ɗakin naɗa, sau biyu, lokacin da maigidan ya yi tafiya.

Aure

A watan Disamba na 2011 ya auri Khaula Ɗantani, 'yar Gaya, ma'aikaciyar jinya a wani asibitin sha-ka-tafi. Sun zauna a Gaya, yayin da Malama Hure ta ci gaba da zama a Balan, inda yake kai mata ziyara kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Khaula ta shaida cewa mijinta mai kyauta ne da sauƙin hali a cikin gida, amma ko ita ba ta taɓa sanin inda yake ɓoye kwafin waƙoƙin ba. Ta ce ta taɓa tambayarsa sau ɗaya, ya ce mata, “Idan ba ki sani ba, ba wanda zai zarge ki.”

Fitar waƙoƙi da korar Bubayero

A watan Agusta na 2014 waƙoƙi uku na Zulfa, waɗanda ba a gama gyara su ba, suka bayyana a hannun masu turi, wato masu shagunan da ke tura wa jama'a waƙa a waya. Kafin Muzammil ya ji labari, an riga an san su a Gaya da Wudil. Ya tara mawaƙan ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rantse ba shi da masaniya. Ya sauya kwaɗon ƙofa, ya sa aka riƙa laluben aljihun duk mai shiga, har da Ashraf. Duk da haka, a watan Fabrairu na 2015 rabin kundinsa na uku ya fita kafin ranar da aka sa.

Daga nan zaman situdiyon ya gurɓata. Baffa Tsawa ya ruwaito cewa idan mutum biyu suna hira sai su yi shiru da zarar na uku ya shigo, kuma kowa yana lura da wanda ya sauya waya ko ya ɗinka sabuwar riga. Muzammil ya bi masu turi shago-shago yana tambayar inda suka samo waƙoƙin, kowanne ya ce daga wani ya karɓa, shi ma wancan daga wani, ba a taɓa kai wa ga tushe ba. Wani daga cikinsu ya ce ya fara jin waƙoƙin ne a kasuwar Ajingi. Wannan magana, tare da batun mabuɗin da aka taɓa damƙa masa, ita ce dukkan hujjar da aka kafa a kan Bubayero. An samu saɓani a kan wanda ya fara ambaton sunansa. Baffa ya ce Ashraf ne, Ashraf ya ce Baffa ne, Zulfa kuwa ta ce ba wanda ya faɗa, maigidan ne ya riga ya yanke hukunci a ransa yana jiran wanda zai gyaɗa masa kai.

A watan Afrilu na 2015, da hantsi, a gaban sauran mawaƙan, Muzammil ya ce masa ya kwashe kayansa. Bubayero ya ce, “Yaya, a kawo Alƙur'ani in dafa.” Muzammil ya ce, “Wanda ya ci amana, rantsuwa ba ta yi masa wuya.” Bubayero ya ɗauki hularsa da littafin baitocinsa ya fita.

Da a nan al'amarin ya tsaya, da wataƙila an manta da shi. Amma bayan wata biyu Muzammil ya fitar da waƙa mai suna “Ɓeran Rumbu”. Bai ambaci suna ba, sai dai ya sa baiti ɗaya da Fulatanci, kuma ba wanda ya kasa gane inda aka dosa. Ita ce waƙar da ta fi kowace shahara a tarihin kamfanin, ana kunna ta a tasha da gidajen biki da cikin a-daidaita-sahu. A kasuwar Ajingi aka riƙa kiran Bubayero da sunan waƙar, dillalai suka fara ɗari-ɗari da shi, iyayen yarinyar da yake nema suka ɗage maganar aure har aka fasa. Ya daina waƙa baki ɗaya, ya koma kiwo da cinikin dabbobi tare da yayyensa.

Waƙoƙi kuma ba su daina fita ba. A 2016 sababbin waƙoƙin Baffa biyu suka bayyana a waje, waɗanda aka naɗa shekara guda bayan tafiyar Bubayero. Maimakon wannan ya sa Muzammil ya sake duba hukuncinsa, sai ya ɗauka cewa wanda ya kora ya bar abokin ƙulli a ciki. Baffa ya tafi a ƙarshen shekarar bayan an tuhume shi a fakaice, Zulfa ta bi shi a 2017, ta ce ba za ta ci gaba da aiki inda ake bincika jakar yayarta ba. Ashraf kaɗai ya rage, shi ma ba ya taɓa kwamfuta sai maigidan yana tsaye a kansa.

Bayyanar gaskiya

A wata Juma'a cikin watan Janairu na 2018, Muzammil ya kai wa mahaifiyarsa ziyara kamar yadda ya saba, Khaula na tare da shi. Suna zaune a tsakar gida bayan la'asar, Malama Hure tana tsince gyaɗa, sai ta ce, “Af, mai cajin nan na kasuwa yana gaishe ka. Ya ce kwana biyu ba ka sa mini sababbin waƙoƙi ba.”

Muzammil ya ce, “Waɗanne waƙoƙi, Inna?”

Ta ce, “Ni ina na sani? Ni karatu nake ji. Shi ne dai duk ranar da na kai masa wayar yake cewa bari ya duba abin da ɗana ya zuba.”

Muzammil ya miƙa hannu ya karɓi wayar. A nan ne Khaula ta san abin da ya ɓoye mata shekara huɗu. Tun farkon 2014 ya saya wa mahaifiyarsa ƙaramar waya, ya sa mata memori mai ɗauke da karatun Alƙur'ani da wa'azi, kuma a cikin wannan memorin yake ɓoye kwafin kowace sabuwar waƙa duk Juma'ar da ya zo, domin a ganinsa ba wanda zai nemi waƙar gambara a wayar tsohuwa. Abin da bai lissafa ba shi ne gidan ba wuta, kuma duk ranar kasuwa takan bar wayar a shagon caji tun safe har ta gama sayar da man gyaɗarta. Mai shagon, wanda shi ma yana turi, ya saba kwashe abin da ke cikin memorin masu kawo caji. Da aka tuntuɓe shi bai yi musu ba, ya ce ya zaci an riga an fitar da waƙoƙin ne, tunda har sun iso wayar Inna. Ko gaskiya ya faɗa ko ya san abin da yake yi, ba a tabbatar ba, Muzammil kuma bai kai ƙara ba.

Ranar kasuwar Ajingi da ta biyo baya ya hau babur shi kaɗai, ya sami Bubayero a kara riƙe da igiyar bijimi. Ya jawo shi gefe ya faɗa masa komai, ya ce, “Na zalunce ka. Na zo neman gafara.”

Bubayero ya ce, “Malam Muzammil, waƙar a gaban jama'a ka yi ta. Gafarar kuma a bayan shanu za ka nema?”

Muzammil ya koma tsakiyar kara, ya tsaya a kan wani turmi da aka kife, ya maimaita maganar da ƙarfi a gaban dillalai da masu saye. Bayan wata guda ya fitar da waƙa mai suna “Na Janye”, inda ya ambaci sunan Bubayero ƙarara ya wanke shi. Ba ta samu ko kusa da karɓuwar ta farko ba, kuma har yau akan ji “Ɓeran Rumbu” a gidajen biki. Bubayero ya aika masa cewa ya yafe, amma ya ƙi komawa kamfanin. Da aka tambaye shi dalili yayin tattara wannan tarihi, ya ce, “Na gwada rubutu bayan nan. Duk baitin da na fara sai in ji kamar ana leƙa ni.”

Shekarun ƙarshe

Bayan wannan lamari Muzammil ya soke dokar laluben aljihu, ya yanka wa Ashraf mabuɗi nasa na kansa. Zulfa ta dawo a 2019 ta yi kundi ɗaya mai suna “Allon Makaranta”, Baffa Tsawa kuwa ya zauna a wani kamfani a Kano. An ɗauki sababbin mawaƙa biyu, Ummi Gaya da Kawu Ƙarami, amma kamfanin bai sake kai matsayinsa na 2013 ba. Shi kansa bai ƙara fitar da kundi ba, duk da cewa bai daina naɗa ba. Ashraf ya ƙiyasta cewa tsakanin 2019 da 2022 maigidan ya naɗi waƙoƙi kusan arba'in, ya tara su tare da asalin duk ayyukan kamfanin a faifan ajiya guda ɗaya da ya kulle da kalmar sirri. Ya daina yin kwafi na biyu, domin ya ce kwafin ne ya kashe shi. A ra'ayin Ashraf, zargin bai bar shi ba, wuri kawai ya sauya: ya daina tuhumar mutane a fili, ya koma tuhumar kansa da duk abin da hannunsa ya taɓa.

Malama Hure ta rasu a 2021. Ba a taɓa sanar da ita rawar da wayarta ta taka ba, bisa umarninsa. A tsakiyar 2022 aka gano yana da ciwon ƙoda, ya shafe fiye da shekara yana zuwa Kano wankin ƙoda sau biyu a mako.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a wani asibiti a Kano da safiyar Talata, 14 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara arba'in da ɗaya. An kawo gawarsa Balan, aka yi masa salla bayan azahar a ƙofar gidan mahaifinsa, aka binne shi a maƙabartar garin kusa da iyayensa. Ashraf da Baffa suna cikin waɗanda suka ɗauki makara. Bubayero ya iso daga Ajingi ana cikin rufe kabari, ya durƙusa ya zuba ƙasa da hannunsa, ya yi wa 'yan'uwan mamacin ta'aziyya, ya juya kafin a koma zaman makoki.

Kwana biyu kafin rasuwarsa ya kira Khaula kusa, ya faɗa mata kalmar sirrin faifan, ya sa ta maimaita sau uku. Bayan ta fita takaba ta kira Ashraf da yayan mamacin, aka haɗa faifan da kwamfuta a gabansu, ta rubuta kalmar kamar yadda ta haddace. Faifan bai buɗe ba. An gwada ta da manyan baƙaƙe da ƙanana, an kai wa masu gyara biyu a Kano, suka ce sai dai a goge komai. Ashraf yana ganin ciwo ne ya rikita marigayin har ya faɗi kalmar da ba ita ba. Baffa yana ganin ya san abin da ya yi. Khaula ta ce a ranar yana cikin hayyacinsa, ya tambayi kowane yaro da sunansa, kuma ba ta yanke hukunci a kan ɗaya daga cikin ra'ayoyin biyu ba.

An rufe shagon Gaya a farkon 2024. Da aka zo rabon gado, malamin da ya raba ya ce ba zai iya ƙimanta abin da ba wanda ya ji ba, aka bar faifan a hannun mahaifiyar yara a matsayin amana, har su girma su yanke shawara. Ya rasu ya bar matarsa Khaula da 'ya'ya huɗu: Usaini, Lauratu, Zuhra, da ƙaraminsu Bashir, wanda yake da shekara biyu lokacin rasuwar. Allah ya gafarta masa, ya yafe masa abin da ke tsakaninsa da bayinsa.